Sabon asibiti a kulle, tsohon babu magani: ina kuɗin ke tafiya?

Ɗan Kusugu
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah kada a mai da ita rigimar jam'iyya. Ranar Asabar na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Daura, ba zan kama suna ba. Tun daga bakin gari na hango sabon gini, fenti fes, kwano na ƙyalli. Aka ce mani asibiti ne, na ce masha Allah. Sai ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya bushe da dariya, ya ce tun ranar da aka yanke ƙyalle aka ɗauki hoto kwaɗo ne a ƙofar, awaki ke shan inuwa a barandar. Tsohon ɗakin shan maganin yana nan bayan makaranta, malamin asibiti ɗaya tal, kabad ɗinsa daga auduga sai littafin rubuta suna. Rijiyar burtsatsen garin ta tsaya tun kafin azumi, mata sun koma guga.

An ce tun da aka janye tallafin mai a 2023 kason jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru. To mi ya sa kullum akwai kuɗin gina sabo, amma na gyaran tsoho da na magani babu? Rashin kuɗi ne, ko rashin tsari, ko abin da kowa ke zato ne?

Bakatsine87
Abin da kowa ke zato ne. Gyaran fanfo ba shi da kashi goma.

Maman Ummi
Wa alaikumus salam. Malam, kamar a wurin aikina ka tsaya ka rubuta wannan. Shekarata goma sha ɗaya ina karɓar haihuwa a ƙauye. Safar hannu da kuɗina nike saye, in haihuwa ta zo da dare fitilar waya ake haska mani. Bara aka zo aka yi mana fenti aka canza ƙofofi, mun gode, amma firjin rigakafi da ya lalace yana nan yadda yake, sai dai a kawo allurar a kula a koma da ita.

Baba Tsohon Akanta
Yarana, ku ba ni wuri in faɗi abin da na gani, don shekara talatin da biyar na yi ina ɗaukar bauca daga wannan tebur zuwa wancan. Bakatsine, ban ce babu abin da ka faɗa ba, amma ko malaman Allah aka ajiye a ofis, tsarin kansa yana haifar da abin da Ɗan Kusugu ya gani.

Kasafin kuɗi gida biyu ne: manyan ayyuka, wato gini da hanya da dam, sai ayyukan yau da kullum, wato albashi da fansho da kuɗin tafiyar da ofis. Gyaran fanfo, man janareta, alli, magani, man motar ɗaukar marasa lafiya, mafi yawansu a wannan ƙaramin aljihu na tafiyar da ofis suke. Sannan ku sani, abin da majalisa ta amince da shi a kasafi ba kuɗi ba ne, izini ne kawai. Kuɗi sai an saka. In wata ya yi, bashin da ake bin jiha tun daga Abuja ake cire shi, kafin ma kuɗin su iso. Albashi ba ya taɓuwa, in ka taɓa ƙungiyar ƙwadago ta rufe maka sakatariya. Ɗan kwangila yana da baki, yana da wanda zai kira. Fanfo ba shi da ƙungiya, ba shi da lambar wayar kowa. Shi ya sa in aka matsu, shi ake fara yankewa, kuma babu mai jin kukansa sai matan da suka koma guga.

Ɗan Kusugu
Allah ya ƙara girma Baba. Amma ai yanzu ba a matse ake ba, kuɗin sun ƙaru.

Injiniya Dutsinma
Sun ƙaru a lissafi. Ku tuna litar mai ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023, cikin kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Dala a farashin gwamnati tana wajen 460, aka sake ta ta wuce 1,500. Fanfon da ake zurawa cikin burtsatse, da farantin sola, da mafi yawan magani, duk daga waje suke. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70. Ga tsaro da ke cin kuɗi ba dare ba rana. Ba kare kowa nike ba, amma wanda aka ninka wa albashi aka kuma ninka masa kuɗin hatsi sau uku, ba za a ce ya yi arziki ba.

Bakatsine87
Injiniya kwangila ake nema ke nan.

Injiniya Dutsinma
Ƙanena, in na samu kai zan ɗauka lebura.

Hauwa Ƙofar Sauri
Ni dai a yi mani bayani, nawa ne ma ke zuwa ƙaramar hukuma? Kullum ji muke an raba tiriliyan kaza a Abuja, mu ko ƙurarsa ba mu gani.

Baba Tsohon Akanta
Ɗiyata, bayan an cire wa jihohin da ake haƙo mai kashi 13 nasu, abin da ya rage a asusun tarayya ana raba shi haka: a kowace naira ɗari, gwamnatin tarayya 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Mu a Katsina 34 gare mu cikin 774 ɗin. Daga nan ake biyan malaman firamare, da ma'aikatan lafiya na matakin farko, da kason masarautu, da fansho. A zamaninmu akwai watan da in aka gama waɗannan, abin da ya rage bai isa a zuba wa motar ofis mai ba.

Abu Sadik
Baba a yi haƙuri in ƙara, wannan rabon bai shafi harajin VAT ba. Shi rabonsa daban, jihohi ke ɗaukar mafi tsoka, ƙananan hukumomi kuma kashi 35.

Baba Tsohon Akanta
Gaskiyarka, na gode. Tsufa ne.

Kansilan Da
Duk kun kewaye wurin da gizo ke saƙa. Asusun haɗin gwiwa. Tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta wani asusu a hannun jiha, daga nan ciyaman ya zama ɗan amshin shata a faɗin ƙasar nan. Na yi kansila, mutanen mazaɓata suna ganin ni na hana su gyaran kwalbati, alhali ko kuɗin zama sai na yi wata da watanni ban gani ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomin riƙo ba. Ranar da aka bi wannan hukunci sau da ƙafa, za ku ga canji.

Malama Rabi
Honorabul, wane canji? Mu malaman firamare ba mu manta ba. Iyayenmu da suka yi koyarwa lokacin da albashi ke hannun ƙaramar hukuma sun ba mu labarin yadda ake wata uku, wata huɗu babu biya. Ni tsorona kada a fid da mu daga bakin kura a miƙa wa zaki. In za a ba ciyaman kuɗi kai tsaye, a fara cire albashin malamai tukuna.

Kansilan Da
Malama, ciyaman kin san gidansu, kin san surukansa, kina iya tare shi a wurin ɗaurin aure. Wanda ke zaune a babban birni fa?

Malama Rabi
Sanin gidansu ya taɓa biyan wani albashi?

Alhaji Na Bakin Kasuwa
Ku yara ba ku ga mulki ba. A nan Katsina aka fara kafa Baitulmalin En'e, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Haraji da jangali ake tarawa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, a rubuta kowane kwabo. Da shi ake biyan ma'aikata, a yi makaranta, a yi asibiti, a haƙa rijiya. Ina yaro, duba-gari zai shigo har cikin gida ya leƙa randa, kuma akwai leburorin hanya da aikinsu ke nan cike rami kafin ya zama kwazazzabo. Babu man fetur a lokacin, gyaɗa da auduga da fata ne, amma abin da aka gina ana kula da shi.

Ɗan Sawaba
Alhaji, da girmanka, ba a ba da rabin labari. Kakana ya sha ba mu labarin yadda ake shanya mutum a rana saboda kuɗin haraji, wani ya sai da akuyarsa ɗaya tilo, wani ya gudu ci-rani ba don yana so ba. Fulani suna ɓoye shanu a daji saboda jangali. Ba a banza talakawa suka bi NEPU ba, kuma ba a banza aka yi murna ba lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, sa'ad da muke cikin tsohuwar Jihar Kaduna.

Alhaji Na Bakin Kasuwa
Ban ce babu zalunci ba, yaro. Na ce wanda ya biya da guminsa yana da bakin tambaya. Yanzu da aka ce kuɗin mai ne daga Abuja, kowa ya ɗauka kyauta ce, in an ba ka ka yi godiya, in an hana ka ka ce Allah ya isa a ɗaki.

Hauwa Ƙofar Sauri
Baba wa ya ce ba mu biya? Kullum na buɗe shago sai an yanka mani tikiti. Katin waya akwai VAT a ciki. A tura kuɗi dubu goma a cire naira hamsin. Mai Keke Napep ɗin da ke kawo mani kaya shi ma tikiti ne kowace safiya. Muna biya, rasit ɗin ne wani lokaci ko hatimi babu, ba ka san aljihun da ya shiga ba.

Sani Gadget
Masu buƙatar farantin sola da batir, sabon kaya ya sauka, a yi mani magana ta ciki.

Admin
Sani, ranar Juma'a ce ranar talla. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Injiniya Dutsinma
Mu koma kan ginin da ke kulle. Ɗan Kusugu, ka karanta allon da ke gabansa? Ina kyautata zaton aikin mazaɓa ne. Yadda abin ke faruwa: ɗan majalisa ya sa gini a kasafin tarayya, a ba wata hukuma da ba ruwanta da lafiya ta bayar da kwangilar, ɗan kwangila ya gina ya miƙa makulli ya tafi. Wanda zai turo ma'aikaci da gado da magani, wato jiha ko ƙaramar hukuma, ba a tambaye shi ba, bai sa a kasafinsa ba, wataƙila ma a rediyo ya ji. Sai a wayi gari gini na wani, albashi na wani, magani ba na kowa ba.

Kuma wannan ciwo tsoho ne. Ga dam ɗin Zobe nan kusa da mu, an gama shi tun 1983 zamanin Shagari. Ruwa ya kwanta shekara da shekaru, sai a 2021 marigayi Buhari ya zo ya buɗe aikin tace ruwan da tura shi. Shekara 38 tsakani. Wanda aka haifa shekarar da aka gama dam ɗin ya aurar da ɗiya kafin a buɗe matatar. Ko yanzu, matatar ruwa ba gini kaɗai ba ce, kullum tana cin wuta da dizal da alif da kulorin. Ranar da ɗaya ya yanke, fanfo ya yi shiru, 'yan ga-ruwa su ƙara wa jarka kuɗi.

Ɗan Kusugu
Wallahi Injiniya ka canka, akwai sunan wani da hotonsa a jikin allon, hoton ya ma fi rubutun girma.

Bakatsine87
To ai ga amsarka. Ba a manna hoto a jikin kwalin farasitamol.

Maman Ummi
Akwai abin da ba a faɗa ba. Ko an ce a turo ma'aikaci, wa zai je? A yankunan da ke bakin daji abokan aikinmu da yawa sun nemi canjin wuri, kuma ba na ganin laifinsu, kowa ransa ɗaya. Amma har inda lafiya lau ake, sai ka tarar asibitin cikin gari ma'aikata sun yi yawa har suna raba kwana, na ƙauye mutum ɗaya ne shi ke allura shi ke shara. Duk mai ɗan uwa a sama ba ya zaman ƙauye. Wannan ba kuɗi zai ci ba, takardar canjin wuri ce kawai da wanda zai iya cewa a'a.

Ɗan Maraɗi
Ni da nike zirga-zirga ta Jibiya, bari in ba ku na maƙwabta. A Nijar tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka tiyatar haihuwa. Mata suka yi ta kai yara, abin ya yi amfani ƙwarai. Tsarin shi ne likita ta yi aiki ta rubuta takarda, gwamnati ta biya daga baya. Sai biyan ya riƙa makara, bashi ya taru, kantin maganin asibiti ya bushe. Ka je an ce kyauta ne, a rubuta maka takarda ka tafi kemis ka saya. Talaucin ƙasa gaskiya ne, ba kullum sata ba ce. Amma alkawarin da babu kuɗinsa a ƙasa, mara lafiya ke biyan sa.

Abu Sadik
A Abuja aka tara shugabannin Afirka a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa nan ba. Sai dai akwai wata ƙofa da mutane ba su sani ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare yana shiga asusun asibitin kansa kai tsaye, asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, da kwamitin mutanen gari da ke sa ido. Ɗan Kusugu, a bincika ko tsohon ɗakin shan maganin nan yana cikin jerin. In yana ciki, akwai wanda ya kamata ya yi bayanin kabad ɗin da babu komai.

Maman Ummi
Haka ne, wata ƙawata nasu yana ciki, da shi suka gyara rufi suka sayi abin awon jini. Namu ba ya ciki, mazaɓarmu na wani gari aka zaɓa.

Malama Rabi
Irin wannan akwai a ilimi. Dokar 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kashi biyu na kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta ɗauka sai ta ajiye nata daidai da shi, shi ya sa za ka ji kuɗi na kwance a Abuja wasu jihohin ba su je sun ɗauka ba. Kuma in an ɗauko, mafi yawa gini ne da benci. Ajina fenti sabo, yara sun haura ɗari, alli kuwa karo-karo muke yi mu malamai.

Wani abu da aka koya mana a wata bita ya tsaya mani a rai. A Yuganda an bi sawun kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare na hidimar yau da kullum, tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 cikin ɗari kacal ke isa makaranta, sauran na narkewa a hanya. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jarida duk wata, aka ce makarantu su manna nasu a allo kowa ya gani. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Ba su fi mu kuɗi ba. Hedimasta da iyaye ne suka san nawa aka turo, sai kunya da tsoro suka shiga.

Kansilan Da
Malama yau mun haɗu a hanya ɗaya. A karanta kason kowace ƙaramar hukuma a rediyo da Hausa duk wata, a manna a ƙofar sakatariya.

Abu Sadik
Ai ana wallafa shi a intanet, ofishin Akanta Janar da hukumar ƙididdiga suna fitarwa.

Hauwa Ƙofar Sauri
Da Turanci, cikin tebur mai layi ɗari bakwai. Gwaggona da ke jan guga za ta karanta shi da daddare in ta gama tuwo.

Ɗan Kusugu
Jama'a na dawo. Maganar Injiniya ta sa na kira wani ɗan uwa a garin, kuma abin da na ji ya ɗan sanyaya mani jiki. Burtsatsen ashe ba fanfon ne ya fara mutuwa ba, farantan sola biyu aka kwance da dare, kuma ana zargin 'yan gari ne. Kafin nan ma an taɓa kafa kwamiti ana karɓar naira ashirin a jarka don ajiyar gyara, da aka nemi kuɗin sai mai ajiya ya ce ya ranta wa wani za a biya bayan girbi. Girbi biyu ke nan.

Bakatsine87
To fa. Ashe kashi goman har ƙauye ya je.

Alhaji Na Bakin Kasuwa
Abin da nike faɗa ke nan. Kayan gwamnati an mai da shi kayan marayu. Masallacin garin nan na tabbata ba a taɓa kwance masa lasifika an kwana ba a gano ba.

Ɗan Sawaba
Alhaji kada a juye laifin kan talaka. Ɓarawon faranti biyu a kama shi, amma shi ya kulle sabon asibiti? Shi ya hana magani? Ni ina tsoron wannan karo-karon. Mu sayi alli, mu sayi safar hannu, mu gyara taransifoma, mu biya 'yan sintiri, to su kason wata-watan na mene ne? Duk abin da muka ɗauke masu, sun samu sarari ke nan.

Maman Ummi
Ɗan Sawaba, mai naƙuda ba ta jiran a gama wannan gardamar.

Ɗan Sawaba
Na sani Anti, kuma Allah ya saka maki. Amma shekara goma sha ɗaya kina saye, an taɓa mayar maki da ko sisi?

Baba Tsohon Akanta
Ɗan Kusugu, in za ka ji ta tsoho, yanzu ne lokacin. Wajen ƙarshen shekara ake haɗa kasafin baɗi, abin da bai shiga takarda ba kuwa ko ciyaman ɗan ɗakinku ne ma'aji ba zai fitar ba. Ku rubuta takarda ɗaya, mai unguwa da liman da shugabar mata su sa hannu, a kai wa shugaban sashen lafiya da na ayyuka, a ba kansila kwafi. Kada ku roƙi sabon abu. Ku ce a mai da malamin asibitin nan da kayansa cikin sabon ginin, a ƙara masa ungozoma ɗaya. Ku tabbata an buga maku hatimin karɓa a kwafinku, don fayil yana da ƙafa.

Injiniya Dutsinma
Kafin a mai da kowa a duba ko an biya ɗan kwangilar cikon kuɗinsa. Sau da yawa makullin na aljihunsa, ya riƙe sai an sallame shi.

Ɗan Kusugu
Wannan ban tambaya ba. Zan koma sadakar bakwai ranar Juma'a, zan ɗauko hoton allon in turo nan a ga wace hukuma ce ta bayar. Baba, in na rubuta takardar zan turo maka ka duba mani. Sani Gadget, faranti biyu irin na burtsatse nawa za su kama?

Admin
Sani, amsa masa ta ciki.